Ceto kurom ɗin tsohon babur daga tsatsa: yadda aikin ke tafiya

2 ga Maris

Yau ban goge ko'ina ba. Zagaye babur ɗin kawai na yi, maganaɗisu a hannu, farin tsumma a aljihu.

Tsoho ne, mai wili irin na wayoyi, birkin faifai a gaba, na diram a baya, salansa ɗaya. Ya daɗe a ajiye ƙarƙashin tamfol, shi kuwa tamfol halinsa ke nan, ya tara gumi daga ciki ya hana shi bushewa. Inji lafiyarsa ƙalau. Ciwon duk yana jikin abubuwan da ya kamata a ce suna ɗaukar ido: rim biyu, salansa, modigad na gaba, sandunan shokazoba, bayan madubai da zoben fitila.

Abin da ya sa na fara da maganaɗisu shi ne, ƙarafan da ke ƙyalli a jikin babur iri-iri ne, ido ba ya rarrabe su, kuma maganin wani gubar wani ne. Rim biyun sun kama maganaɗisu gam, wato baƙin ƙarfe ne aka yi wa ruwan kurom, siririn rufin nan mai ƙyalli kamar madubi. Haka salansa da modigad da zoben fitila. Murfin inji da cibiyar wili ba su kama ba, alminiyam ne. Na ɗiga man goge ƙarfe a farin tsumma na murza a lungun murfin inji, nan take tsumman ya yi baƙi ƙirin. Alamar tsurar alminiyam ke nan, marar rufi. Da akwai fenti mai garai-garai a kansa, ko da an yi masa ruwan kurom, tsumman ba zai yi baƙi haka ba. Bayan madubai kuwa roba ce aka yi wa rufin kurom: ba nauyi, ba sanyi a hannu, in ka ƙwanƙwasa da farce sautin a mace yake. Ita wannan ba mai kusantar ta da komai sai ruwan sabulu da tsumma mai laushi.

Na ɗauki hotunan kowane ɓangare a cikin haske mai kyau, don nan gaba ido zai manta yadda abin yake.

5 ga Maris

Wanki. Inji a sanyaye, a cikin inuwa, domin ruwan sabulu in ya bushe a kan ƙarfe mai zafi tabo yake bari.

Na fara da zuba ruwa zalla mai yawa, ban taɓa jikin da komai ba tukuna. Yashin da ya liƙe a rim shi ne babban mai karce kurom, kuma mutum da hannunsa yake jan sa a kai in ya fara da soso. Bokiti biyu na ajiye, ɗaya na sabulu, ɗaya na ɗauraye soso, don ƙasar da soson ya kwaso ta zauna a gindin na biyu. Sabulun wankin mota na yi amfani da shi. Omo da sabulun wanke-wanke suna cire maiƙo sosai, amma suna tafiya har da duk wani kakin da ke kare ƙarfe, kuma da yawa daga sabulan wanke-wanke na ruwa akwai gishiri a cikinsu da ake kaurara su da shi. Gishiri kuwa shi ne abokin gabar da nake ƙoƙarin kora.

Ƙanena da ke taya ni ya ce, "Yaya, me zai hana mu kai a feshe shi da injin wanki mu huta?" Na nuna masa boris ɗin wili da robobin shokazoba da sarƙa. Ruwa mai ƙarfin nan yana kutsawa bayan roba ya kori giris ya zauna a wurinsa, sai bayan watanni ka ji wili na gurnani.

Rim na baya ya sha baƙin man sarƙa da ya haɗu da ƙura ya zama danƙo. Kananzir a tsumma ya narkar da shi ba wahala, na bi da sabulu. Na gaba kuma nasa daban ne: ɗigo-ɗigo masu ruwan ƙasa, in ka shafa ka ji kaushi. Ƙurar birki ce, ɓarɓashin ƙarfen da faifai ke zubarwa duk lokacin da aka taka, ya faɗo da zafinsa ya manne, ruwa ya taɓa shi ya yi tsatsa a kan kurom ɗin. Na fesa maganin da ke narkar da irin wannan ɓarɓashi, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Cikin 'yan mintuna rim ɗin ya fara zubar da ruwa mai launin shunayya, alamar maganin ya sami ƙarfe. Ban bari ya bushe ba, na ɗauraye da ruwa mai yawa. Kusan rabin abin da na ɗauka tsatsar rim ce ashe baƙuwa ce, ta bi ruwa.

Akwai magungunan wanke wili masu asid mai ƙarfi da ke sa abu ya yi fari nan take. Ba za su shigo wannan aikin ba. Asid ɗin haidurokulorik, wanda ke cikin wasu magungunan wanke bayan gida, da shi masu sana'ar ke tuɓe kurom daga jikin ƙarfe in za su sake sabo. Na ga mutane na zuba shi a wili suna murnar ya yi haske.

Na tsane komai da tawul, na bi gindin wayoyi ɗaya bayan ɗaya, nan ne ruwa ke kwanciya.

9 ga Maris

Rim na gaba. Nan zan ɗan tsaya, don abin da na fahimta game da kurom shi ke jan ragamar sauran aikin duka.

Kurom ɗin ado ba kauri gare shi ba. Bai kai maikiron 1 ba (maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), yawanci wajen kwata zuwa rabin maikiron ne, alhali silin gashin kai ɗaya yana kaiwa maikiron 70 ko kusa da haka. A ƙarƙashinsa akwai shimfiɗar nikel da ta ninka shi kauri sau da dama, kuma a aiki mai kyau akan fara shimfiɗa jan ƙarfe kafin nikel ɗin. Hasken da ake gani, yawancinsa na nikel ne. Kurom yana ba da tauri, da ɗan shuɗi-shuɗin nan mai sanyi, ya kuma hana nikel dishewa. Kafin Colin Fink da Charles Eldridge su daidaita hanyar yin ruwan kurom a Jami'ar Kolombiya ta Amurka a 1924, nikel zalla ake yi wa babura da motoci, masu su na fama da gogewa kullum.

Shi kansa kurom ba ya tsatsa. Yana haɗuwa da iska ya yi wa kansa wata siririyar fata da ke kare shi. To daga ina jan tabon yake fitowa? Daga ƙasa. Shimfiɗar kurom cike take da ƙananan ƙofofi da tsage-tsagen da ido ba ya gani. Ruwa, musamman mai gishiri, yana bi ta nan ya ci nikel a hankali har ya tarar da baƙin ƙarfe. Da zarar ya isa, abin sai ya yi sauri, domin in nikel da baƙin ƙarfe suka haɗu a cikin danshi, baƙin ƙarfen ne ke cinyewa, kuma duk cin yana taruwa ne a ɗan ramin nan guda. Tsatsar ta kumbura, ta ɓullo ta ƙofar, ta malala a saman kurom mai lafiya da ke kewaye. Shi ya sa tabo mai faɗin farce, in ka share shi, sai ka tarar ramin da ya haife shi bai fi tsinin allura ba.

Ma'anar wannan ita ce aikina biyu ne kacal: in kwashe tsatsar da ta malala a sama ba tare da na ci kurom ɗin ba, sannan in toshe ƙofofin. Ramin da ya riga ya faɗa, babu man da ke mayar da shi.

Takardar alminiyam irin ta naɗe abinci na ɗauko, na yage ta gutsure-gutsure, na dunƙule, na tsoma a ruwa. A ma'aunin tauri na Mohs kurom yana 8.5, alminiyam bai kai 3 ba, don haka takardar ce ke cinyewa, rim ɗin yana nan. Na fara daga wajen bawul don in san inda na faro. Da farko sai ka ji tana cijewa, ƙir-ƙir, tana kama kaushin tsatsa. Ruwan ya koma ja, daga ja ya koma toka-toka mai ɗan kauri, sai kuma ka ji hannunka ya fara sulɓi. Nan ake tsayawa. Na share da tsumma, ga kurom fes, da 'yan baƙaƙen ɗigo warwatse a inda ƙofofin suke. In ka matso da fitila ta gefe za ka ga kowane ɗigo ɗan rami ne mai kaifin baki. Ina canza dunƙulen da zarar ya yi datti, saboda ƙwayar yashi ɗaya in ta maƙale a ciki ta isa ta ja layi a rim.

Mutane da yawa suna amfani da soson ƙarfe mafi laushi, mai lamba 0000, kuma yana aiki. Abin da ya hana ni shi, yana zubar da ƙananan gashin ƙarfe da ke shigewa gindin wayoyi, in ba a wanke su tas ba su ma su yi tasu tsatsar. Soson kicin mai kore kuwa, ko kusa. Yana dishe kurom da karce mai laushi wanda ba ya fita har abada.

Wuri ɗaya kusa da ɗinkin rim ɗin launin ya sha bamban, ya yi ɗan rawaya-rawaya mai ɗumi. Nikel ne tsirara. Wani a baya ya dirje wurin da ƙarfinsa har kurom ya ƙare. Duk mai goge kurom ya riƙe waɗannan launuka: fari mai shuɗi-shuɗi lafiya, rawaya-rawaya an kai nikel, ja-ja an kai jan ƙarfe, daga nan sai baƙin ƙarfe.

Man goge ƙarfe, Autosol ne a hannuna, sau ɗaya na bi da shi, kaɗan, ba dannawa. Yana da ɗan gari mai ci a cikinsa, da shi yake aiki. A kan alminiyam tsura sai ka yi ta gogewa son ranka, nama ne har ciki. A kan kurom kuwa duk gogewa ragi ce daga abin da ba shi da yawa.

10 ga Maris

Wayoyin wilin gaba. Ba kurom ba ne, rufin zinki ne, shi ya sa suka yi toka-toka maimakon ja. Na yanka tsumma siriri dogo, na naɗa sau ɗaya a jikin waya, ina ja gaba da baya. Aiki ne mai cin rai, yatsu sun gaya mini. Ban nemi su yi ƙyalli ba, domin zinkin da ya dishe ɗin nan shi ke kare ƙarfen, in ka kankare shi ka buɗe wa tsatsa ƙofa.

Na bi su da sifana ina ƙwanƙwasawa. Mai ɗauri daidai tana amsawa da ƙara siririya, sakakkiya kuwa sai ta ce "ɗum". An sami masu "ɗum", na yi musu alama da tef.

16 ga Maris

Rim na baya ya ƙi. Na share shi kamar na gaba, amma a gindin wayoyi da dama kurom ɗin ya kumbura ya yi ƙuraje, in ka danna da farce sai ya fashe ya ɓare, jan gari ya zubo. Wannan ba tsatsar sama ba ce. Na cire wilin, muka fitar da taya da tib.

Robar da ke zagaye cikin rim don kare tib daga kan notinan wayoyi ta manne da ƙarfen. Da na ɗaga ta, ƙasanta jiƙe yake, ga tsatsa ɓawo-ɓawo ta zagaye kwarin rim ɗin gaba ɗaya. Ruwa yana shiga ta ramukan wayoyi da ramin bawul, robar ta riƙe shi, ba iska ba rana. Cikin rim kuma dama ba ya samun ruwan kurom sosai, saboda wutar lantarkin da ke ɗora shi ta fi kama wuraren da suka fito fili, ba ta cika shiga kwari ba. Mutum na can yana goge waje yana jin daɗi, rim na ruɓewa ta ciki.

A nan babu kurom ɗin da za a tausaya wa. Buroshin waya na sa, na kankare har na ga ƙarfe, na shafa maganin tsatsa mai asid ɗin fosforik, wanda ke mayar da ragowar tsatsa baƙar fata mai tauri. Na kiyaye kada ya gangaro waje. Bayan ya bushe na bi da fenti mai zinki. Sabuwar roba za a sa, tsohuwar ta tafi shara.

Abin da ya dame ni shi ne wurare biyu da ƙarfen ya yi ramuka masu zurfi kusa da ramin waya. Wili ba kayan ado ba ne kawai, shi ke ɗauke da mutum. Na mayar da shi don babur ya tsaya da ƙafafunsa, amma ban yarda da shi a doguwar tafiya ba sai wanda ya san ɗaurin wili ya duba.

Ganin haka ya sa na buɗe na gaba ma. Nasa da sauƙi, ja-ja ne kawai a sama. Shi ma ya sami fenti da sabuwar roba.

23 ga Maris

Salansa tana da ciwo uku, kowanne da tarihinsa.

Na farko baƙin tabo a tsakiya, inda dugadugan takalmi ya taɓa ta da zafi roba ta narke ta manne. Na tayar da inji na ɗan lokaci har bututun ya yi ɗumi, na kashe, na kankare da tsinken katako. Ta fita a dunƙule-dunƙule. Ragowar kuwa kananzir ne ya ɗauke ta bayan salansar ta huce. Wasu suna sa maganin wanke tanda mai soda mai ƙuna, kuma kurom yana jure shi, sai dai in ya fantsama kan alminiyam take yake cin sa ya bar farin tabo. Murfin inji na nan dab da wurin, ban ga dalilin kasada ba.

Na biyu wani dogon tabo fari-fari da ya gangaro kamar hawaye, daidai ƙarƙashin batir. Siririn tiyon da ke fitar da numfashin batir ya cire, ruwan batir ya riƙa ɗiga a kan salansa. Asid ne, ya ci kurom ɗin ya gama. Babu abin da zai fitar da wannan. Na mayar da tiyon, na saukar da bakinsa ƙasa inda ba zai taɓa komai ba.

Na uku shi ne shuɗin da ke wuyan salansa, daga bakin inji zuwa lanƙwasa ta farko: ruwan gwal, sai shunayya, sai shuɗi. Ba datti ba ne. Zafi ne ke kaurara fatar nan da kurom ke yi wa kansa, kaurinta kuma shi ke sauya launin hasken da take mayarwa. Bututu mai bango ɗaya kusan dole ya yi haka, shi ya sa wasu kamfanoni ke yin mai bango biyu, na ciki ya sha zafin na waje ya zauna fari. Akwai mayukan da ake sayarwa don cire shuɗin, suna kuma cirewa, amma ta hanyar cin saman ƙarfen, kuma in inji ya sake zafi launin ya dawo. Kai ta yi har ka wayi gari ba shuɗi ba kurom. Ni dai na bar shi. A idona ma ado ne, shaidar babur yana tafiya.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne ko shuɗin ya wuce kima. In iska ta yi wa fetur yawa a kafireto, ko akwai inda take satar shiga, ko ana barin inji yana ta aiki a tsaye, wuyan salansa yana zafi fiye da ƙa'ida. Na cire fulogi na duba: bakinsa ruwan ƙasa-ƙasa, ba fari fat ba, wanda shi ne alamar zafi ya yi yawa. Hankalina ya kwanta.

Da na gama, na share bututun duka da sifirit kafin in sake tayar da inji. Shatin yatsa ko ɗigon mai in ya gasu a kan salansa, ya zauna ke nan.

24 ga Maris

Sandunan shokazobar gaba su ma kurom ne, amma na aiki, mai kauri sosai fiye da na ado, don roba ta riƙa zamewa a kansa ba ta yoyon mai. Tsatsar da ke can sama kusa da fitila muni kawai take da shi. Wadda ke daidai inda roba ke hawa da sauka ita ce matsala: kaifin bakin ramin yana yanka robar, mai ya fara tsiyaya, ya gangaro har kan birki.

Na bi da farce, na sami ɗigo kaɗan a sandar hagu masu kama farce. Sanfefa mai lamba 2000 da ɗan mai, a hankali, ina zagaya sandar, har kaifin ya kwanta. Ramin na nan, amma ba ya cizo. Zan sa ido a kan robar.

30 ga Maris

Yau ranar toshe ƙofofi ce, ita ce kuma nake ganin ta fi duk sauran ranakun amfani, ko da yake ba ta da abin nunawa a hoto.

Na share rim da modigad da sifirit don cire ragowar man gogewa, saboda kaki ba ya kama wuri mai maiƙo. Sai kakin mota mai kanuba, wanda ake samu daga ganyen wani irin giginya na ƙasar Brazil. Shafi siriri, a bari ya yi hazo, a goge da tawul mai laushi. Na maimaita, ina cusa shi a wuraren da ke da ɗigon ramuka da kuma wurin nan da nikel ya fito. Kafin in fara na lulluɓe faifan birki da leda. Kaki ko mai a kan faifai ko a tafin taya ba abin wasa ba ne. Da na gama duk da haka na sake wanke faifan da maganin wanke birki.

Salansa ba ta samu ba sai can ƙarshenta. Kakin kanuba yana narkewa da zafi ya ɗan haura digiri 80 na ma'aunin Selshiyas, wuyan salansa kuwa yana kaiwa ɗaruruwa, zai ƙone ne kawai ya bar tabo.

Gindin wayoyi da ƙarƙashin modigad da bayan notina, inda tsumma ba ya shiga, mai hana tsatsa na sa. Man feshin nan WD-40 yana da kyau wajen korar ruwa bayan wanki, don haka ma aka ƙirƙire shi a 1953, amma siriri ne, ba ya daɗewa. ACF-50, wanda aka yi domin jiragen sama, ya fi shi zama, yana kuma rarrafawa ya shiga lungu da kansa. Rarrafen nan shi ne kuma haɗarinsa kusa da birki. Don haka ban fesa kai tsaye ba, a ƙaramin buroshin fenti na zuba na riƙa ɗiga wa kowace waya.

Na kuma shirya ɗan gwaji a kan modigad na gaba, tunda ramukansa sun bazu daidai ko'ina. Na raba shi uku da tef: gaba kaki, tsakiya mai hana tsatsa, baya ba komai.

14 ga Afrilu

Ruwan sama ya kama ni a hanya, na dawo na ajiye babur da gangan ban tsane shi ba har washegari.

Ɓangaren da ba komai: kowane rami ya fitar da ɗan jan zobe, kamar ban taɓa share shi ba. Dare ɗaya tak. Ɓangaren kaki: ruwa ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya ya gangare, ba ja ko ɗaya, sai 'yan fararen shatin inda ɗigo ya bushe. Ɓangaren mai: shi ma ba tsatsa, amma ya kwashi ƙurar hanya ya dishe, in ka shafa yatsa sai ya fito da baƙi. Hukuncin a bayyane yake. Kaki a inda ido ke gani, mai a inda ido ba ya kaiwa. Na share ɓangaren bayan da takardar alminiyam, na cire tef, na shafe modigad ɗin duka da kaki.

Rim na gaba ya fito lafiya, kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Daga taku biyu ba ka ganin ramukan sam. Fararen shatin ruwa, wanda alli ne da ke cikin ruwan ya bushe, tsumma mai ɗanshi ya ɗauke su tunda a kan kaki suka zauna. Da a kan kurom tsura ne suka daɗe, sai an haɗa da ruwan khal da aka sirka.

Ƙanena ya tambaya ko yanzu duk sati za mu riƙa bin sa da Autosol. Na ce a'a. Wanki, tsanewa, sai sabon kaki duk lokacin da ruwa ya daina dunƙulewa. Man gogewa sai in wani tabo ya ƙi jin sabulu. Tamfol ɗin ma na sauya shi da mayafin yadi mai shan iska, kuma ba na rufe babur yana jiƙe ko da zafinsa.

27 ga Afrilu

Mai ɗaurin wili ya duba rim na baya. Ya ɗaure sakakkun wayoyin gaba, ya daidaita wilin har ya daina rawa. Na baya kuwa ya juya shi, ya sa tsinin sukudireba a ramukan nan biyu, ya girgiza kai. Ya ce, "Maigida, wannan in ka kai a sake masa ruwa, sai sun ci ƙarfen kafin ramukan su ɓace. Me zai rage?"

Gaskiyarsa. Sake ruwan kurom ba tsomawa ba ce kawai a fitar. Sai an kwance wayoyin duka, an tuɓe tsohon kurom da nikel, an goge ƙarfen a inji har ya yi sumul, domin ruwan ba ya ɓoye aibi, ƙara fito da shi yake yi. Masu aiki mai kyau suna cike ƙananan ramuka da jan ƙarfe su sake gogewa kafin nikel. Yawancin wahalar da tsadar a gogewar nan take. Ga shi kuma masu sana'ar suna raguwa a wurare da yawa, saboda sinadarin da aka saba amfani da shi, kurom mai caji shida, yana jawo ciwon daji, kuma Tarayyar Turai ta hana amfani da shi ba tare da izini na musamman ba tun watan Satumba na 2017. Wanda ke maye gurbinsa, mai caji uku, launinsa yakan ɗan fi duhu, don haka sabon aiki ba lallai ya yi daidai da tsohon rim na gaba ba.

Na yanke shawarar neman sabon rim mai girma ɗaya da yawan ramuka ɗaya, a ɗaura shi a tsohuwar cibiya. Ina duba na wayoyin ƙarfen da ba ya tsatsa, ko da yake an ce sai an shafa wa zarensu mai kafin ɗauri don kada su cije a cikin noti. Kafin a kwance tsohon na ɗauki hoton yadda wayoyin suka sarƙe ta ɓangarorin biyu, na kuma auna tazarar da ke tsakanin gefen rim da fuskar cibiya na rubuta, don sabon ya zauna a tsakiya daidai da sarƙa. In ya iso, cikinsa zai sha fenti kafin taya ta hau.

Robar shokazobar hagu ta fara nuna ɗan zoben mai a jikin sanda. Kaɗan ne, amma jiya babu shi. Na share, zan sake dubawa bayan tafiyar gobe. In ya dawo, sandar ce za a sauya, ba robar kaɗai ba.